Daga Mujalla Zuwa Fadama: Kafafen Sada Zumunta da Isar da Binciken Kimiyya a Yankin Marnona

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi yadda za a yi amfani da kafafen sada zumunta wajen isar da sakamakon binciken kimiyya ga al'ummar Marnona da maƙwabtanta a ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo ta jihar Sakkwato. An daɗe ana gudanar da bincike a kan ƙasar wannan yanki da ruwansa da cututtukansa da amfanin gonarsa, amma akasarin sakamakon yana cikin mujallun Ingilishi. Muƙalar ta dogara ga rubutattun bayanai da ƙwanƙwance kalmomi, ta kuma ɗora nazarin a kan ra'in kwararar saƙo mataki biyu. An gano cewa wayar hannu ta rage wahalar nisa, saƙon murya kuma ya rage wahalar karatu, amma akwai matsaloli biyu da fasaha ba ta warware ba: dacewar Hausar da ake zuba binciken a cikinta, da sanin asalin saƙon da ya iso. Muƙalar ta nuna cewa waɗannan biyun aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa, kuma tsarin 'Yan Taru ya bar abin koyi a kansu.

Fitilun Kalmomi: kafafen sada zumunta, binciken kimiyya, Marnona, saƙon murya, fassara, asnadi

1.0 Gabatarwa

Bincike yakan ƙare ne a wurin manazarci ranar da mujalla ta buga shi. A wurin manomi ko uwar yara kuwa, sai ranar da ya shiga kunne da harshen da ake ji, ya kuma sauya wani abu a gona ko a gida. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ranaku biyu ita ce abin da wannan muƙala ta sa a gaba.

Zuba ilimin kimiyya cikin Hausa ba sabon abu ba ne. A 1949 aka buga littafin Ikon Allah na R. M. East da Abubakar Imam, wanda ya yi bayanin halittu da al'amuran duniya da Hausa. Bayansa gidajen rediyo da malaman gona da ma'aikatan lafiya sun ci gaba da ɗaukar nauyin. Abin da ya sauya a yau shi ne hanya. Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya buɗe sashen Hausa a 2016, WhatsApp kuma ya ba kowa damar aika murya. Tambayar ita ce: me ya kamata a ɗora wa waɗannan hanyoyi, kuma da wace irin Hausa?

1.1 Hanyar Nazari da Ra'in da Aka Ɗora Shi

An tattara bayanai daga rubuce-rubucen da suka shafi tarihi da ƙasa da lafiya da noman yankin, sannan aka ƙwanƙwance wasu kalmomin Hausa da ake amfani da su wajen fassara saƙonnin kimiyya. Ra'in da aka bi shi ne na kwararar saƙo mataki biyu, wanda Katz da Lazarsfeld suka faɗaɗa a 1955. Ra'in yana cewa saƙon kafar watsa labarai yakan fara sauka a wurin wasu mutane da jama'a ke sauraron maganarsu, daga gare su ne yake bazuwa ya yi tasiri. An zaɓi wannan ra'i domin ya dace da zamantakewar karkarar Hausa, inda maganar liman da hakimi da sarkin noma da unguwarzoma take da nauyin da takarda ba ta da shi.

2.0 Marnona da Kewayenta

Marnona tana cikin ƙaramar hukumar Wurno, a kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Achida ta nufi Goronyo, kuma daga nan ne hanyar Isa ta rabu ta bi ta dajin Gundumi. Zamanta mararraba ya sa ta zama wurin da mutane da kaya da labarai ke haɗuwa. Yankin yana da tarihi mai zurfi a fagen ilimi da mulki. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. A Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello.

Rayuwar jama'a ta dogara ga gulbin Rima da fadamunsa. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma an tsara ta ne ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Ana noman shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa da rani, gero da dawa da wake da damina, ga kiwo da kamun kifi. Duk wanda rayuwarsa ta rataya ga ruwa da ƙasa haka, yana buƙatar sakamakon bincike ko da bai taɓa jin sunan mujalla ba.

3.0 Binciken da Ya Shafi Yankin

Fannoni huɗu sun isa misali. Na farko shi ne ilimin ƙasa. Masana sun raɗa wa wasu shimfiɗun duwatsun kwarin Sakkwato sunayen garuruwan wannan yanki, wato Wurno da Taloka da Dukamaje. A 1930 W. E. Swinton ya yi bayanin ƙasusuwan wata babbar dabbar teku da aka samo a lardin Sakkwato. A 1972 Azzaroli da abokan aikinsa na ƙasar Italiya, bayan sun tono ƙarin ƙasusuwa, suka ba ta sunan Goronyosaurus, ma'ana ƙadangaren Goronyo. Masana sun ƙiyasta cewa ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da teku ya rufe wannan ƙasa. Sunan Goronyo ya shiga littattafan kimiyya na duniya ta wannan hanya, alhali bayanin yana cikin harsunan da yaron Goronyo ba ya karatu da su a gida.

Na biyu shi ne ruwa da yanayi. Ambaliyar watan Satumba na 2010 ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima, har ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2018 kuma ruwan madatsar Goronyo ya ja baya ƙwarai har hankula suka tashi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya.

Na uku shi ne lafiya. Masu bincike sun sha nazarin cutar tsargiya a garuruwan da ke bakin ruwa a Wurno da Goronyo. Na huɗu shi ne noma, inda cibiyar IAR ta Samaru ke fitar da irin masara da dawa da wake masu sunayen SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA, cibiyar Badeggi ke kula da irin shinkafa na FARO, cibiyar NAERLS ta Zariya kuma ke da alhakin yaɗa sakamakon ga manoma.

4.0 Kafafen da Abin da Kowace Ta Dace da Shi

Kafafen ba ɗaya suke ba. X, wadda aka sani da Twitter, dandali ne da masana da 'yan jarida da hukumomi ke magana da junansu, galibi da Ingilishi. Facebook ya fi tara masu karatun boko da Hausa, ya kuma dace da bayani mai ɗan tsawo da hotuna. YouTube da TikTok suna nuna abin da baki ba zai iya siffantawa ba, kamar kamannin tabon cuta a ganyen albasa, sai dai suna cin data. WhatsApp ya bambanta da su duka ta fuska biyu: saƙonsa yana tafiya ne tsakanin mutanen da suka san juna, kuma yana ɗaukar murya.

Saƙon murya shi ya fi kusa da al'adar baka ta Bahaushe. Ba ya buƙatar sanin boko ko ajami. Waya ɗaya tana iya jiyar da majalisa guda, ana kuma iya tura saƙon daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko katin ajiya inda babu sabis. Bisa ga haka, wannan muƙala tana ganin cewa gajeren saƙon murya, wanda hoto ko ɗan bidiyo ke rakiya idan da hali, shi ne sigar da ta fi dacewa da yankin. Sauran kafafen su zama rumbun da ake ajiye cikakken bayani domin mai son komawa.

5.0 Matsalolin Harshe

5.1 Suna

Kalmar "ƙwayar cuta" a Hausar yau tana ɗauke da halittu uku da kimiyya ta raba: bairos da bakteriya da ƙananan halittu masu rayuwa a jikin wasu, irin mai haddasa zazzaɓin cizon sauro. Rabewar tana da amfani a aikace, domin maganin da ke kashe bakteriya ba ya yi wa bairos komai. Idan saƙo ya ce magani kaza yana kashe ƙwayar cuta, mai sauraro yana da hujjar sayensa domin mura. Haka kalmar "shawara" take: tana iya nufin rawayar ido da fata, wadda alama ce kawai, tana kuma iya nufin ciwon hanta ko zazzaɓin shawara, alhali hanyoyin kamuwa da su da rigakafinsu sun sha bamban.

Tsargiya ta nuna wata fuskar matsalar. Sunan sananne ne, alamar ma sananniya ce, wato fitsarin jini. Abin da binciken ya ƙara shi ne zagayen cutar: ƙwai yana fita cikin fitsarin mai ɗauke da ita, ya ƙyanƙyashe a ruwa, tsutsar ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwar ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai aiki a ruwan. Saƙon da ya tsaya ga cewa a guji gurɓataccen ruwa zai sa mai sauraro ya kula da ruwan sha, ya bar yaransa suna iyo a magudanar ban ruwa. Aikatau ɗin da aka zaɓa, "sha" ko "shiga", shi ne ke raba saƙon da ya yi aiki da wanda bai yi ba.

A ɓangaren noma kuma, manoma sukan raɗa wa iri sunan da suka ga dama. Shinkafar FARO 44 an fi saninta da "sipi" a wurare da yawa na Arewa. Saƙon da ya kira iri da lambarsa ta cibiya kaɗai, ba tare da sunansa na kasuwa ba, tamkar kiran mutum ne da sunan da ke takardarsa a garin da kowa ya san shi da laƙabi.

5.2 Ma'auni

Rahoton bincike yana magana da hekta da kilo da lita. Manomi yana magana da buhu da tiya da kwano da gwangwanin madara da cikin tankin feshi. Kalmar "kadada" da ake yawan sawa a fassara wani lokaci tana nufin hekta, wani lokaci eka, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Kuskure a nan yana iya sa a ninka taki ko maganin feshi fiye da sau biyu, ko a rage shi ƙasa da rabi. Sakamakon farko ƙonewar shuka da asarar kuɗi da guba a jikin mai feshi, na biyu kuwa ƙwarin da ba su mutu ba. Don haka mai fassara ba zai wadatu da ƙamus ba. Sai ya zauna da masanin ya mayar da adadin zuwa ma'aunin da ke hannun manomi, ya kuma faɗi girman tankin da ake nufi, tunda tankunan feshi ba girmansu ɗaya ba.

5.3 Shakka

Kimiyya tana magana da rinjaye, saƙon waya kuwa yana son yankan shakka. Idan rahoto ya ce akwai yiwuwar jinkirin saukar damina, kafin ya wuce waya uku yana iya zama "an ce bana ba ruwa". Hausa ba ta rasa kayan aikin bayyana matakan yiwuwa ba. Akwai "tabbas" da "galibi" da "ana kyautata zato" da "mai yiwuwa" da "da wuya". Abin da ya rage shi ne a daidaita su a kan mizani guda, ta yadda duk mai jin "ana kyautata zato" a saƙon yanayi zai san ya fi "mai yiwuwa" ƙarfi.

Akwai kuma batun aƙida. Hasashen da aka furta da sigar tabbas yana iya kama da da'awar sanin gaibu, sai mai sauraro ya ajiye shi tare da maganar ɗan duba. Bahaushe ya saba da karanta alamomi, kamar juyawar iska da haɗuwar hadari da lissafin taurarin damina, ba tare da ya ɗauki hakan shiga hurumin Ubangiji ba. Saƙon da ya gabatar da hasashe a matsayin karatun alamomi da na'ura, ya kuma bar tabbas ga Allah, ya dace da al'ada, ya kuma fi kusa da gaskiyar abin da masana yanayi ke faɗa.

5.4 Karin Harshe

Daidaitacciyar Hausa ita ce ta rubutu, amma Marnona Sakkwatanci take yi. Mai cewa "munka" da "sunka" da "anka" a madadin "muka" da "suka" da "aka", ko "gidanai" a madadin "gidansa", yana fahimtar Hausar rediyo sarai. Bambancin yana wajen amincewa, domin murya mai karin gida tana shaida cewa mai maganar ya san fadamar da yake magana a kanta. Abin da ya dace shi ne rubutu ya bi daidaitacciyar ƙa'ida, murya kuma ta bi karin masu sauraro. Haka nan Fulanin da ke kiwo a yankin suna da haƙƙin jin saƙon lafiyar dabbobi da Fulfulde.

6.0 Asnadi: Daga Wa Saƙon Ya Fito?

Hanyar da ke ɗaukar gaskiya ita ce ke ɗaukar ƙarya. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bazu ta wayoyi a Nijeriya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum. Cikin dare ɗaya ya karaɗe ƙasa, aka kwantar da mutane a asibiti, aka kuma ba da rahoton rasa rayuka. Ƙarfin saƙon ya zo ne daga cewa ɗan'uwa ne ya turo wa ɗan'uwa. A 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, amma wannan ya rage gudu ne kawai, bai nuna asali ba.

Al'ummar wannan yanki ta gaji maganin matsalar daga ilimin hadisi, inda ba a karɓar magana sai an san salsalar waɗanda suka ruwaito ta. Ta kuma gaji misali a aikace. Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara 'Yan Taru, inda take horar da jajjaji, ta naɗa su da malfa, su koma ƙauyuka ɗauke da waƙoƙin ilimi cikin Hausa da Fulfulde. Tsarin ya tara abubuwa uku: an san tushen ilimin, an san wadda aka ba izinin ɗaukarsa, an kuma zuba shi cikin sigar da ba ta saurin gurɓata, domin ma'aunin waƙa da amsa-amo suna tona asirin wanda ya sauya kalma. Wannan shi ne mataki biyun da ra'in Katz da Lazarsfeld ya siffanta, an aiwatar da shi a ƙasar Sakkwato fiye da shekara 100 kafin a rubuta ra'in.

Darasin ga saƙon murya shi ne a saka asnadin cikin muryar kanta, tunda rubutun da ke rakiyar saƙo yakan faɗi a hanya. Mai magana ya buɗe da sunansa da cibiyarsa, ya faɗi rana da wata da shekara, ya ambaci garuruwan da saƙon ya shafa, ya rufe da inda za a je a tabbatar. Faɗin kwanan wata yana hana gargaɗin ambaliyar bara ya dawo ya tayar da hankali bana.

7.0 Iyakokin Kafafen

Ba a kowane lokaci hanyar take buɗe ba. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda matsalar tsaro, aka kuma katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14, ciki har da Rabah da Goronyo. Gwamnatin tarayya ma ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ga tsadar data da wahalar caji, ga kuma kasancewar mata a karkara ba su kai maza mallakar babbar waya ba, alhali su ne ke jinyar yara. Saboda haka kafafen sada zumunta ƙari ne a kan rediyo da masallaci da makarantun Islamiyya da ranar kasuwa. Saƙon da aka tsara da kyau ya kamata ya iya bin kowace daga cikin waɗannan hanyoyi ba tare da an sake masa fasali ba.

8.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Na ɗaya, yankin Marnona ba ya fama da ƙarancin binciken da ya shafe shi kamar yadda yake fama da rashin dawowar sakamakon gida. Na biyu, kurakuran da suka fi haɗari suna aukuwa ne a wajen suna da ma'auni da matakin shakka. Na uku, saƙon da ba shi da asnadi ba ya da abin da zai fifita shi a kan jita-jita.

Bisa ga haka ana ba da shawarar cewa duk kundin digiri da aka tattara bayanansa a wata al'umma ya zo da taƙaitaccen bayani na Hausa, a rubuce da kuma a murya, wanda za a mayar wa al'ummar. Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya haɗa hannu da tsangayoyin noma da likitanci da kimiyya wajen tsara jerin kalmomi, a gwada su a kunnen manoma da iyaye mata kafin a tabbatar da su. Aikin da ƙungiyar Masakhane da AfricArXiv suka fara a 2021, na fassara takardun bincike zuwa harsunan Afirka shida har da Hausa, ya nuna cewa irin wannan haɗin guiwa mai yiwuwa ne. Daga ƙarshe, a zaɓi masu ɗaukar saƙo daga cikin waɗanda jama'a suka riga suka amince da su, maza da mata, a kuma buɗe musu hanyar mayar da tambayoyin jama'a ga masu binciken.

9.0 Kammalawa

Muƙalar ta bibiyi yanayin Marnona da kewayenta, da irin binciken da ya shafi yankin, da abin da kafafen sada zumunta za su iya ɗauka da wanda ba za su iya ba. An ga cewa waya tana kai saƙo, amma zaɓen kalma da daidaita ma'auni da tabbatar da asali suna hannun mutane. Masanin kimiyya ya san abin da ya gano, manazarcin Hausa kuma ya san yadda za a ji shi a Wurno da Rabah da Goronyo. Akwai buƙatar nazari na gaba ya shiga fili, ya tattara saƙonnin murya da ke yawo a yankin, ya auna yadda ma'anarsu ke sauyawa daga waya zuwa waya.